Me Mamaci Yake Binmu?

Kimanin kilomita 20 daga Hartum, a bakin reshen Kogin Nilu da ke gangarowa daga ƙasar Habasha, akwai wani wuri da ake kira Soba. Hausawan da suka ratsa Sudan da ƙafa zuwa Makka, har waɗansu suka yi zamansu a Mai Wurno a bakin wannan kogi, da wuya in sun san abin da ke binne a tuddan nan. Soba ce babban birnin Alwa, mulkin Kiristocin Nubiya. A shekara ta 580 Bishop Lonjinus ya yi wa sarkin ƙasar baftisma, bangaskiya kuwa ta zauna a can wajen shekara 900. A ƙarni na 10 wani matafiyi daga Masar, Ibn Sulaim al-Aswani, ya ba da labarin manyan gidajenta da lambunanta da majami'unta masu zinariya. Wajen shekara ta 1500 birnin ya faɗi, ya zama kufai.

Bayan 1980 masu tonon kayan tarihi daga Ingila suka tono harsashin majami'un nan, suka kuma sami allon dutse na kabarin wani sarki mai suna Dawuda, an rubuta shi da Helenanci. Shekaru ɗaruruwa sunan nan yana kwance cikin ƙasa, ba jika, ba tattaɓa kunne da ya ambace shi. To, 'yan'uwa, in sarki mai dutse ya ɓace haka, ina labarin mahaifinka da aka binne a bayan gari aka rufe da ƙaya? Me mamaci yake binmu?

Akwai abin lura a kan duwatsun kabarin Kiristocin Nubiya. Da yawansu ba masu wucewa suke roƙo su tuna da mamaci ba. Allah suke roƙo ya hutar da shi a ƙirjin Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Na san ikkilisiyoyinmu ba su zama baki ɗaya ba a kan yi wa matattu addu'a, ba kuwa zan tada wannan gardama a nan ba. Abin da ya kama zuciyata shi ne, maganar gida suka yi. Sun ɗauki mutuwa kamar yaron da ya gaji aka miƙa shi ga kakansa. Ajiyar suna sun bar wa Allah, gama shi ba ya mantuwa, birninsa kuma ba ya zama kufai.

In ajiyar suna ta Allah ce, rabonmu shi ne waɗanda mamacin ya bari. A nan ne muke tuntuɓe. Mun iya zaman makoki. Mun iya ɗinka anko mai hoton marigayi, mu shafe kabari da siminti, shekara ta kewayo mu yi sujadar tunawa, a yanka sa, a ci a ƙoshi. Amma sau nawa ƙannen marigayin nan, waɗanda suka fi kowa kuka ran jana'iza, su ne suke raba gonarsa tun ba a nannaɗe tabarmin gaisuwa ba? Gwauruwa ta koma gidan iyayenta da 'ya'ya huɗu, babbar 'yar a cire ta daga makaranta domin ba kuɗi. Kuɗin san nan da ya kai ta ƙarshen shekara. A ganina wannan ba tunawa ba ce, binne mutum ne sau biyu.

Ubangijinmu yana kan gicciye bai yi zancen kabarinsa ba, har sai da Yusufu mutumin Arimatiya ya ba da nasa. Amma ya dubi mahaifiyarsa ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa, kamar yadda Yahaya ya rubuta a sura 19.

Kada wani ya ce na rena kabari. Ibrahim ya sayi kogon Makfela da azurfarsa domin Saratu, Yesu ma ya yi hawaye saboda Li'azaru. Ni kaina nakan share kabarin mahaifiyata kafin damina. Sai dai inda na fi ganinta shi ne a hannun ƙanwata, wadda ba ta kwashe tuwo sai ta ajiye malmala ɗaya saboda baƙon da bai zo ba tukuna, daidai yadda Inna take yi. 'Ya'yanta ba su ga kakarsu ba, amma sun san malmalar nan ta wace ce.

Mutanen Hartum da Umdurman sun koyi wannan da zafi. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, hanyar makabarta ta gagara, Musulmi da Kirista suka riƙa binne nasu a tsakar gida, a filin makaranta, a gefen titi. Miliyoyi suka gudu suka bar kaburburan nan ba ko alama. Wa zai ce ba su ƙaunaci matattunsu ba? Abin da ƙafa za ta iya ɗauka suka ɗauka: maraya a baya, tsohuwa a hannu.

Mu da kaburburanmu suke kusa, dattawan ikkilisiya sukan zo ta'aziyya su yi addu'a su tafi, sai kuma ran sujadar tunawa. A yawancin ƙauyukan da na yi aiki, 'yan Zumuntar Mata ne kaɗai suke leƙa rumbun gwauruwa a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuwa bai nuna ba.