Jinƙai Mai Ƙafafu: Darasi Daga Masu Tattaki Domin Giwaye

Karatu: Karin Magana 12:10, Fitowa 23:4-12, Luka 10:30-37

Gabatarwa

A ƙasashe da dama akwai wata hanyar tara gudummawa wadda ake yi da ƙafa. Mutum yakan ɗauki alkawarin taka doguwar hanya na kwanaki ko makonni, 'yan'uwa da abokai kuwa su yi alkawarin ba da kuɗi a kan kowace kilomita da ya taka. Waɗansu don marasa lafiya suke yi, waɗansu don marayu. Akwai kuma masu yi domin giwaye. A shekara ta 2013 wani mutumin Kenya mai suna Jim Nyamu ya taka daga Mombasa zuwa Nairobi, kimanin kilomita 500, domin ya jawo hankalin jama'a ga kisan da ake yi wa giwaye saboda haurensu. Waɗansu masu tattakin kuma giwayen da ke ɗaure a hannun mutane ne damuwarsu, suna neman abin da za a cece su da shi, a kuma kula da su. Mai bi zai iya jin wannan ya ce aikin marasa abin yi ne. Kafin ya yanke hukunci, ya kamata ya ji halin da dabbar take ciki, ya kuma ji abin da Maganar Allah ta koyar.

1. Giwa a cikin mari

Allah ya halicci giwa mai tafiya ce. A daji takan yi nisa kowace rana tare da danginta, tsohuwar uwa tana gaba, suna neman ciyawa da ruwa. Amma a ƙasashen Asiya dubban giwaye suna hannun mutane: ana jan gumagumai da su, ana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, ana yawon bara da su a titi. Da yawa tun suna ƙanana aka raba su da iyayensu, aka hore su da yunwa da duka har suka saduda. Lokacin da ƙasar Tailan ta hana sare itatuwa a dazuzzukanta a 1989, giwaye masu yawa suka rasa aiki, masu su kuma suka shiga birane da su neman abinci. Tsayuwa a kan siminti da tafiya a kan kwalta mai zafi sukan tsattsage musu farce, tafin ƙafa ya ruɓe, gaɓoɓi su kumbura.

A watan Yuli na 2014, ƙungiyar Wildlife SOS ta ceto wani toron giwa mai suna Raju a jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Ya yi kusan shekara 50 a hannun mutane, ƙafafunsa cikin sarƙa mai ƙayoyin ƙarfe. Waɗanda suka je ceton sun ba da labari cewa sun ga hawaye yana zuba daga idanunsa a daren da suka zo ɗaukarsa.

2. Mulki amana ne

Gaskiya ne, a Farawa sura 1 Allah ya ba mutum mulki a kan dabbobi. Amma sura ta 2 ta nuna irin mulkin: an sa Adamu a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mai kiyaye kayan wani wakili ne, wata rana zai ba da lissafi. Shi ya sa Shari'ar Musa ta sa sā da jaki cikin masu hutun Asabar. Ta hana a sa wa sā takunkumi sa'ad da yake sussuka. Ta ma umarci mutum ya taimaki jakin maƙiyinsa idan kaya ya kā da shi. Sa'ad da Bal'amu ya doki jakarsa sau uku, mala'ikan Ubangiji ya tuhume shi a kan dukan. Karin Magana kuwa ta mai da yadda mutum yake bi da dabbarsa ya zama ma'aunin adalcinsa. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, saboda haka a wurinta ne ainihin halin mutum yake fitowa fili.

3. To, mutane fa?

Wani zai ce, yara suna kwana da yunwa, gwauraye ba su da mai taimako, ina dalilin tara kuɗi don giwa? Tambayar tana da nauyi. Yesu da bakinsa ya koyar cewa mutum ya fi tsuntsaye daraja nesa ba kusa ba, kuma ikkilisiyar da ta manta da maraya ta ɓace hanya. Amma a wuri ɗaya ɗin, cikin Matiyu sura 10, ya nuna cewa ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. Sa'ad da Allah ya bayyana wa Yunana dalilin jin tausayin Nineba, ya ambaci mutanen birnin, ya kuma ambaci dabbobinsu. Jinƙai ba hatsin rumbu ba ne da zai ƙare don an ɗiba. Zuciyar da ta saba da taurin kai a gaban kukan dabba ba ta cika yin taushi a gaban kukan maƙwabci ba.

4. Jinƙai yana takawa, yana kuma biya

Firist da Balawe sun ga mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni, wataƙila har ransu ya ɓaci, amma suka wuce. Basamariye ne ya sauka, ya ɗaure raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya mai masauki dinari biyu, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Haka ceton giwa yake. Yanke sarƙa aikin dare ɗaya ne, kulawa kuwa ta shekaru ce. Babbar giwa takan ci kimanin kilo 150 na abinci a rana, tana iya rayuwa har shekara 60 ko fiye, kuma wadda ta girma a ɗaure da wuya ta iya komawa daji. Sai an sami fili, da magani, da ma'aikata. Don haka ne aka buɗe asibitin giwaye na farko a Indiya kusa da Mathura a 2018. Mai tattaki ya gane wannan. Yakan yarda ƙafarsa ta yi bororo domin ƙafar wata halitta ta warke. Tausayin da bai tashi daga kujera ba bai taɓa kwance kowa ba.

Kammalawa

Ba kowane iyali ne zai taka kilomita ɗari ba, ba kuma kowa ne zai ga giwa a ɗaure ba. Amma akwai jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙarfinsa, da shanun huɗa da ake kora da bulala cikin tsakar rana, da akuyar da aka ɗaure tun safe ba ruwa, da karen da yara suke jifa don wasa. A nan ne darasin zai fara. Iyaye su koya wa 'ya'yansu ba dabba ruwa kafin su zauna cin abinci. Malaman makarantar Lahadi su nuna wa yara cewa Allahn da ya yi alkawari da Nuhu ya haɗa da kowane mai rai a cikin alkawarin.

Fiye da kome, mai bi ya tuna da Wanda ya taka hanya daga Galili zuwa Urushalima, yana sane da gicciyen da ke jiransa, domin ya kwance 'yan adam daga marin zunubi. Manzo Bulus ya koyar a Romawa sura 8 cewa dukan halitta tana nishi, tana jiran ranar 'yanci. Wanda aka kwance da tsada haka, bai dace a same shi yana ƙara wa wata halitta nishi ba.

Ubangiji ya ba jama'arsa zuciya mai taushi da ƙafafu masu saurin zuwa taimako, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.