Hukuncin Kashe Anemoni Mai Ɓarna a Akwatin Kiwon Murjani

Masu kiwon murjani a akwatunan gilashi na ruwan gishiri, a ƙasashe irin su Amurka da Jamus da Japan, suna fama da wata ƙaramar halittar teku da masana ke kira Aiptasia. Tana cikin dangin anemoni, wato dabbobi masu taushin jiki waɗanda ke manne wa dutse suna baza siraran hannuwa, har mai kallo ya ɗauka fure ne. Takan shigo a ɓoye cikin ramukan duwatsun da ake ƙawata akwatin da su, sannan ta riƙa harbin murjanin da ke kusa da ita da dafi har ya ƙanƙance ya mutu. Yanka ta ba ya magani, domin ɗan guntun da ya rage daga gindinta yana iya tsirowa ya zama cikakkiyar dabba.

Tambayar ita ce ko ya halatta mutum ya kashe rai saboda ya ɓata masa abin da yake kiwo don sha'awa. Malaman fiƙihu sun gina halaccin kashe dabba mai cutarwa a kan hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da dabbobi biyar da aka yarda a kashe ko a cikin Harami, daga cikinsu akwai kunama da ɓera, kuma suka yi ƙiyasin wasu a kansu idan illar cutarwa ta tabbata. Sai dai cutarwar Aiptasia ta bambanta da ta kunama, domin ba ta yi wa ɗan Adam komai, kuma a cikin teku tana da abokan gaba da ke rage yawanta. Masu bincike ma kiwonta suke yi da gangan, saboda tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gansakuka a jikinta kamar yadda murjani yake ɗauke da su, don haka da ita ake nazarin dalilin da ya sa murjani ke koɗewa idan ruwan teku ya yi zafi, kuma a 2015 masana a jami'ar KAUST ta Saudiyya da abokan aikinsu suka wallafa taswirar ƙwayoyin halittarta. Ɓarnarta ta samo asali ne daga ƙuntataccen mazaunin da mutum ya gina da hannunsa. Duk da haka halaccin bai faɗi ba, domin murjani dabba ne mai rai da ke ƙarƙashin kulawar mai akwatin, kuma dukiya ne, kare dukiya kuwa yana cikin manyan manufofin shari'a.

Hanyar kisan tana da nata hukuncin. Akan yi mata allurar ruwan farar ƙasa ko na lemon tsami ko tafasasshen ruwa, wasu kuma suna ƙona ta da hasken leza. Anemoni ba ta da ƙwaƙwalwa, saƙar jijiyoyi ce kawai ta bazu a jikinta, amma umarnin kyautata kisa da ya zo a hadisin Shaddadu ɗan Ausu bai ware ƙananan halittu ba. Ibn Abi Zaid, a cikin Risala, ya karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, kuma bai ga laifin kashe tururuwa ba idan ta cutar har aka kasa jure mata, ko da yake ya fi son a ƙyale ta. A kan wannan, hanya mafi sauri wadda ba ta ƙuna ba ita ce ta fi dacewa.

Inda nauyi ya fi yawa shi ne hanyar da masu kiwon suke ɗauka ita ce mafi tsabta, wato a sayo wata dabba ta cinye anemonin. Akwai jatan lande na jinsin Lysmata, wanda ke cin wasu abubuwa bayan ya gama aikinsa. Amma Berghia, wani ƙaramin dodon koɗi marar ɓawo, ba shi da abinci sai Aiptasia, saboda haka ranar da ya share akwatin ita ce ranar da yunwa za ta fara kashe shi. Haka nan kifi mai dogon baki da ake kira Chelmon rostratus, wanda sau da yawa yakan ƙi cin abincin da ake ba shi a tsare har ya rame ya mutu. Anemonin ta shigo ne ba da sanin mai akwatin ba, waɗannan kuwa shi ya zaɓe su, ya biya kuɗinsu, ya rufe su. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, a kan irin wannan yanayin yake magana. Saki cikin teku ma ba mafita ba ne ga dabbar da aka ɗauko daga wani yanki na duniya. Don haka wanda bai tanadi abincin Berghia ba, kuma ba shi da wani mai kiwo da zai miƙa wa shi bayan aiki ya ƙare, bai kamata ya saye shi ba, allurar ta fi masa sauƙin alhaki.