Makunnin da ke Ƙarƙashin Kujera: Wa Ke da Ikon Cire Shi?

Maganarmu ta wannan fitowa a kan wani inji ce da yawancinmu ba mu taɓa hawa ba, kuma da wuya a gan shi a lungunan Sabo, inda ko wurin shanya da ƙyar ake samu. Injin yankan ciyawa ne, irin wanda ake hawa a tuƙa kamar ƙaramar tarakta. A ƙasar nan sai a manyan filaye ake ganinsa, kamar filin ƙwallo, harabar jami'a da gidajen masu hali. Mu dai langalanga da adda muka sani. Amma a Amurka, inda gidaje da yawa ke da filin ciyawa gaba da baya, kayan gida ne kamar firji, kuma an daɗe ana wata gardama a kansa. Tambayar da ke cikin gardamar ta shafi duk mai sana'a: in abu naka ne, da kuɗinka ka saya, kana da ikon cire abin tsaron da aka sa masa?

Bari mu fara da yadda abin yake. A ƙarƙashin injin akwai wuƙaƙe na ƙarfe da ke juyawa, bakinsu kan kai gudun kusan kilomita 300 a awa. Abin da ke yanka ciyawa da wannan gudun ba ya tantance kara da ƙafar mutum. Don haka masu ƙerawa suka sa wani ɗan makunni a ƙarƙashin kujera. Nauyin mai tuƙi ne ke danne shi. Da zarar ya tashi ko ya faɗo alhali wuƙaƙen na aiki, sai makunnin ya yanke wutar fulogi, inji ya mutu, wuƙaƙe su tsaya cikin 'yan daƙiƙu. Akwai na biyu kuma, wanda ke hana wuƙaƙen juyawa idan an sa ribas. Dalilinsa mai ɗaga hankali ne: yaro ƙarami ya ga babansa a kan inji ya sheƙo da gudu ta baya, ƙarar inji ta hana uba jin kiransa, ya yi baya ya bi ta kansa. Ta wannan hanya yara da dama a Amurka sun rasa ƙafa, wasu sun rasa rai. Allah Ya kiyashe mu.

Waɗannan abubuwa ba a rana ɗaya suka zo ba. A 1972 Amurka ta kafa hukumar kula da lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a, wadda ake kira CPSC. Daga 1982 ta wajabta cewa injin da ake turawa da hannu, in mutum ya saki mariƙinsa, wuƙar ta tsaya cikin daƙiƙa 3. Shi kuwa wanda ake hawa, an bar shi ga ƙa'idar da masana'antar ke bi bisa ganin dama, kuma a 2003 aka shigar da hana yanka a ribas cikin wannan ƙa'ida, tare da barin ƙofa: ana iya sa wani maɓalli da mai tuƙi zai danna in yana son ya yanka yana ja da baya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma ta ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa irin wannan inji, kada kuma a ɗauki yaro a kansa ko da a cinya ne.

To ina gardamar? Mutane da yawa a can suna cire makunnin, ko su haɗe wayoyinsa yadda inji zai ɗauka kullum akwai mutum zaune. Kuma adalci ya sa mu faɗi hujjarsu yadda take, don ba duka shirme ba ne. Suna cewa a fili mai gargada, da mutum ya ɗan yi tsalle a kujera sai inji ya riƙa shaƙewa. Mai ƙaramin jiki ya fi shan wannan wahalar. Suna cewa in ka ɗan ɗaga don kauce wa reshe ko ka daidaita zama a gangare, inji ya mutu a wurin da mutuwarsa ma haɗari ce. Mai fili mai bishiyoyi da yawa zai yi gaba da baya sau ɗari, kowane ribas sai ya sake kunna wuƙaƙe. Wasu har suna cewa maɓallin ribas ɗin yakan sa mutum ya duƙar da kai yana neman abin dannawa a lokacin da ya kamata idonsa na baya. A ƙarshe sai su rufe da cewa: shekara talatin ina wannan aiki ban taɓa yanke ko farce ba, gidana babu yaro, me zai sa a ɗauke ni kamar mara hankali saboda sakacin wani?

Wannan magana ta ƙarshe ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita muke so mu tsaya a kanta. Mutum ba ya son a raina gwanintarsa. Je ka ce wa tsohon mahauci ya yi hankali da wuƙa ka ga irin kallon da zai yi maka. Sai dai abin da muka lura da shi a kasuwa da tasha shi ne, sabon shiga tsoro ke tsare shi, gwani kuwa babu mai tsare shi sai hankalinsa, kuma hankali yana da ranar tafiya. Ranar da aka kwana ana jinyar mara lafiya, ranar da bashi ya hana barci, ranar da waya ta yi ƙara a aljihu. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma ba Sabon unguwarmu suke nufi ba. Makunnin nan an yi shi ne don wannan rana guda, shi ya sa shekara talatin na lafiya ba su zama hujjar cire shi ba. Wanda bai taɓa gobara ba ba ya zubar da ruwan randa.

Sai batun “kayana ne.” Gaskiya ne, shari'a ta girmama dukiyar mutum, ba a taɓa ta sai da yardarsa. Amma mu duba a kan wa haɗarin ke sauka. Makunnin kujera yana tsare mai tuƙi, yana kuma tsare duk wanda inji zai nufa bayan ya kayar da mai shi ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Na ribas kuwa kusan gaba ɗaya don wani aka yi shi, wanda ke baya, wanda ba a yi shawara da shi ba lokacin da ake yanke waya. Mai cewa gidansa babu yaro, jikoki fa ranar hutu? Ɗan maƙwabci da ƙwallonsa ta faɗo fa? Ko jikin mutum ma amana ne a hannunsa, bai da izinin jefa shi cikin halaka, balle jikin ɗan wani. Kuma inji yakan fi mai shi daɗewa a gida. Za a ara, za a gada, za a sayar, wanda ya hau daga baya yana zaton abin tsaron na nan.

Malamanmu na fiƙihu sun yi wannan magana tun ba a san fetur ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda yawancinmu muka karanta a gaban malamai, an ɗora alhakin abin da dabba ta tattake a kan wanda ke bisa kanta, ko mai janta, ko mai korarta, sannan aka sauke alhakin a inda dabbar ta yi ɓarna ba da sa hannunsu ba. Ku duba hikimar. Dabba tana da nata rai da nata hali, takan firgita, takan yi harbi, amma duk da haka aka ce mahayi ya ɗauki nauyi. To inji fa, da ba ya da niyya ko kaɗan sai abin da aka sa shi? Wanda ya cire makunni da hannunsa yana sane, ya yi kama da wanda ya cire wa doki linzami ya shiga kasuwa da shi. Kuma mun sani ko kisan kuskure bai tashi a banza ba, Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara. Ke nan “ban yi da gangan ba” tana sauke laifin ganganci ne kawai, ba ta sauke haƙƙi.

Wani zai ce, Malam, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Amma kowa ya san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun. Ƙaddara maganar da ake yi wa wanda musiba ta riga ta samu ce, don zuciyarsa ta yi sanyi. Mai riƙe da filaya zai yanke waya bai kai wurin ba tukuna, yana wurin zaɓi, kuma a kan zaɓi ake hisabi.

Su ma masu ƙerawa ba za mu wanke su tas ba. Makunnin da ke kashe inji a kowane ɗan rami, shi da kansa yake koya wa mutane su tsane shi. Abin tsaron da ya cika takura, ƙarshensa kwandon shara, sai ya zama an biya kuɗinsa ba a samu tsaronsa ba. Nauyinsu ne su gyara shi ya yi aiki a lokacin da ya dace. Akwai kuma masu sukar ƙofar da aka bari a 2003, suna cewa maɓallin da ke ba da damar yanka a ribas ya mayar da ƙa'idar wasa. Mu a ganinmu akwai bambanci tsakanin maɓallin da sai ka danna da saninka, wanda ke tuna maka ka waiga, da wayar da aka haɗe sau ɗaya aka manta da ita har abada. In makunni na ba da matsala, a kai wa makanike ya gyara ko ya canza sabo. Ciwon haƙori ba ya sa a cire kai.

Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa kuma, musamman masu harkar injinan gwanjo, akwai magana ta musamman. In inji ya zo hannunka an riga an kashe abin tsaronsa, wannan aibi ne, kuma ɓoye aibi a ciniki algus ne. Ko ka gyara kafin ka sayar, ko ka faɗa wa mai saye ƙarara. Haka matasanmu da ke aikin lambu da gadi a manyan gidaje: in maigida ko wani ya ce a haɗe wayar don aiki ya yi sauri, ku ba shi haƙuri cikin ladabi, ku gaya masa dalili. Yaran gidan ne ke wasa a filin nan, kuma ranar da abu ya faru, wanda ke kan kujera za a fara kamawa.

Kada mu ɗauka wannan halin na Amurkawa ne kaɗai. Da aka fara tilasta hular kwano a kan babura a farkon 2009, an ga 'yan acaba da ƙwarya a ka, don dai a wuce jami'an kiyaye haɗurra. Har yau akwai direban da ke rataya bel a kafaɗa in ya hango shinge, ya sake shi da an wuce. Akwai injin markaɗe da bel ɗinsa ke juyawa tsirara babu murfi, mata da mayafi da yara suna kai da komo a gefensa. Duk tunanin ɗaya ne da na mai yanke wayar kujera: na iya, na saba, babu abin da zai faru.

Da-na-sani ƙeya ce, in ji magabata, kuma a wannan inji abin da ake tsoro daidai ƙeyar yake tsayawa, ga shi tsawonsa bai kai mai tuƙi ya hango shi ba. Minti biyar da za a rage a aikin yini ba su kai ƙafar yaro ɗaya ba. Duk wanda ke da inji a hannunsa, kowane iri ne, ya duba shi a makon nan, ya mayar da abin da aka cire.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya hana mu zama sanadin kukan wani, Ya sa albarka a sana'o'inmu.