Kare Kai Yana da Iyaka

Ya kai ɗana, duk wanda aka kai wa hari yana da haƙƙin kare kansa. Addini ya yarda da haka, sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya yarda. Amma haƙƙin nan yana da iyaka, iyakarsa kuwa jinin wanda bai ɗauki makami ba.

Ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas daga zirin Gaza suka kutsa kudancin Isra'ila. Aka kashe mutum kusan 1,200, yawancinsu fararen hula, aka yi garkuwa da kimanin 250. Bayan kwana biyu ministan tsaron Isra'ila na lokacin, Yoav Gallant, ya ba da umarnin a datse wa Gaza ruwa da abinci da wuta da mai. Zirin da bai wuce murabba'in kilomita 365 ba, mutum fiye da miliyan biyu ke cunkushe cikinsa. Aka yi ta luguden bama-bamai, zuwa Agustan 2024 ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga mamata sama da 40,000, ciki har da dubban mata da yara.

Kowane ɓangare yana cewa kansa yake karewa. To, ka riƙe wannan. Mamayar da Falasɗinawa ke ciki tun 1967 zalunci ne, amma ba ta halatta a bi iyali gida a kashe su ba. Harin 7 ga Oktoba ta'asa ne, amma bai halatta a hana jariri a garin Khan Yunis na Gaza madara da magani ba. Yarjejeniyar Janiba ta huɗu, ta 1949, ta haramta hukunta jama'a kan laifin da ba su aikata ba, ta kuma haramta garkuwa da mutane. Tun ƙarnoni kafin ta, Manzon Allah (SAW) ya hana kashe mata da yara a fagen fama. Sayyidina Abubakar ya gargaɗi rundunarsa kada ta taɓa tsoho, ko mai ibada a ɗakin bautarsa, ko itace mai 'ya'ya.

Saboda haka, ɗana, ka auna kowa da mudu ɗaya. Kada ka yi murna da gawar farar hula don ba naka ba ne, kada kuma ka yaɗa hotonsa kana kabbara. Ka yi wa mutanen Gaza addu'a, ka taimaka ta hannun amintattu, ka kira zalunci da sunansa ko daga ina ya fito. Wanda ya nemi adalci ta hanyar zalunci ya rasa hujjarsa a gaban mutane, gobe kuma Allah zai tambaye shi kowane rai.