An Tsare Ƙofar Shiga, Ina Ta Fita?

Duk wanda ya san Sabon Garin Kano kafin shekarar 2012 ya san cewa safiyar Lahadi ta sauya kama. Majami'un da a da ake shiga kai tsaye sun ɗaga katanga, sun sa ƙofofin ƙarfe, an koma ajiye mota nesa da gini, ana bincikar jaka a bakin ƙofa. Ba haka kawai aka wayi gari da wannan ba. Ranar 20 ga Janairun 2012 hare-haren Boko Haram suka hallaka mutum fiye da 180 a Kano cikin yini ɗaya. Ranar 29 ga Afrilun shekarar aka buɗe wuta kan Kiristoci masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, har da farfesoshi cikin mamatan. A Maris na 2013 bam ya tashi a tashar motocin New Road, sannan ranar 27 ga Yulin 2014 aka kai hari cocin Katolika na St. Charles da ke Sabon Gari daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga ibada, mutum 5 suka mutu. Wanda ya ga irin wannan bai cancanci zargi ba don ya ƙarfafa ƙofarsa. Abin da nake son nunawa shi ne an tsaya a rabin hanya. An koyi yadda za a hana mugu shiga, amma ba a ba da irin wannan ƙarfi ga yadda za a fitar da jama'a lafiya ba, ko yadda za a riƙe ran wanda ya faɗi kafin a isa asibiti. Wannan rabin da aka bari kuwa shi ne ya fi kusa da zuciyar addini.

Sai dai kafin a je nan, akwai maganar da ake yawan ji daga bakin mutanen kirki: Allah ne mai tsaro, kuma wanda kwanansa ya ƙare babu katangar da za ta hana. Wasu har suna ganin ajiye akwatin magani a ɗakin sujada alama ce ta raunin bangaskiya. Rabin farko na maganar gaskiya ne, amma ƙarshen da aka kai ta bai dace da Littafi Mai Tsarki ba. Lokacin da Nehemiya ke sake gina garun Urushalima, maƙiya na barazana, addu'a ya yi kuma ya kafa masu gadi dare da rana, bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Bulus, da aka ƙulla kashe shi a Dimashƙu, bai tsaya jiran mu'ujiza ba, a kwando aka zura shi ta bayan garu da dare. Mafi ƙarfi duka, da Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya diro tunda mala'iku za su tare shi, ƙin yi ya yi, domin jefa kai cikin haɗarin da za a iya kauce masa gwada Allah ne, ba dogara gare Shi ba. Musulmin Fagge, maƙwabtan Kiristocin Sabon Gari, sun san wannan darasi ta tasu hanyar: an umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke. Ashe addinan nan biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa a ƙaramar hukuma ɗaya ba su yarda a kira sakaci da sunan imani ba. Akwai ma wani bambanci da ake mantawa. Mutum na iya cewa ya miƙa nasa ran, amma fasto ko fada da ya tara ɗaruruwan mutane a ɗaki ɗaya, da jarirai da tsofaffi, amanar rayukan wasu ce a hannunsa. Ba shi da ikon yin jarumta da ita.

To mece ce amanar ke nema? A nan ne nake ganin an karkata. Hari abu ne mai firgitarwa, amma ba shi ne ke ziyartar majami'a kowane mako ba. Abin da ke zuwa kullum shi ne dattijo mai hawan jini da ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar waƙa, mai ciwon suga da ya zo da azumi, mai juna biyu a zafin Afrilu da kan haura maki 40, yaro mai farfaɗiya, hayaƙin janareta da aka jingina kusa da taga, tsohuwar wayar lantarki da aka ɗora wa manyan lasifika. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Jinin da ke tsartuwa daga babbar jijiya na iya kashe mutum cikin 'yan mintuna. Daga titin Faransa ko titin Ibo zuwa Asibitin Murtala, balle Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, babu a-daidaita-sahun da zai kai majinyaci cikin wannan lokaci. Ke nan rai ko mutuwa na hannun mutumin da ke zaune kusa da shi a kan benci. Abin da aka saba yi kuwa, wato a yi wa wanda ya suma zobe a toshe masa iska, a kwara masa ruwa, a cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki, ƙauna ce ke sa a yi shi, amma yana iya ƙara cutarwa. Danna ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, danne rauni da tsumma mai tsabta, kwantar da wanda ya suma amma yana numfashi a gefensa, duk abubuwa ne da ƙungiyar Red Cross ke koyarwa cikin ɗan lokaci. Addu'a ba ta hana hannu aiki. Basamariyen nan da Yesu ya ba da misali da shi, abin da ya fifita shi a kan firist da Balawi shi ne ya durƙusa ya ɗaure raunuka, ya ɗauki mutumin zuwa masauki, ya biya kuɗin jinya.

Batun fita ya fi wannan tayar mini da hankali, domin a nan tsaron da aka yi da kyakkyawar niyya zai iya zama ajali. Don a samu damar bincikar kowa, an mayar da shiga ta ƙofa ɗaya, sauran an sa musu kwaɗo, tagogi an lulluɓe su da ƙarfe. Ranar da gobara ta tashi, ko wani ya yi ihun bam ko da na ƙarya ne, jama'a duka ƙofar nan ɗaya za su nufa. Turmutsitsi ba ya buƙatar maƙiyi. A Mayun 2022 mutum 31 suka mutu a Fatakwal wajen rabon kayan taimako da wani coci ya shirya, a Disambar 2024 kuma mutum 10 a cocin Holy Trinity da ke Maitama a Abuja. A nan gida, abin da ya faru da asubar 15 ga Mayun 2024 a wani masallaci a ƙaramar hukumar Gezawa, inda aka watsa fetur aka cinna wuta aka rufe ƙofa da masallata a ciki, ya nuna abin da rufaffen ɗaki ke yi wa mutane. Harin St. Charles shi ma ya zo da nasa darasin, tunda lokacin tashi aka kai shi, sa'ad da jama'a suka cunkushe a waje. Saboda haka kowace ƙofa ta riƙa buɗuwa ta waje, kada a bar kwaɗo a kanta ana sujada, a sallami jama'a kashi-kashi, a kuma gwada fitar gaggawa ranar da babu abin da ya faru, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Haƙƙin tsaro a kanta yake, kuma bai kamata shugabannin addini su daina matsa mata ba. Doka ma tana nan: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Amma babu dokar da za ta danne rauni a minti na farko. Batun kuɗi kuma ba hujja ba ce mai ƙarfi, domin akwatin bandeji da tukunyar kashe gobara ba su kai kuɗin lasifika ɗaya ba, kuma da wuya a samu babbar ikkilisiya a Sabon Gari da babu nas ko likita a cikinta. Sau da yawa ba a taɓa tambayarsu ba ne.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na masu tsoron kada gidan Allah ya koma bariki, baƙo ya zama abin zargi, mai babbar riga da hula ya riƙa jin idanu a kansa idan ya gifta. Wannan haɗari ne na gaske a unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe tun farko don baƙi, wadda ta sha ganin rikici. Amma shi ma yana ƙarfafa abin da nake faɗa ne. Katanga tana raba mutane, ilimin ceton rai kuwa ba ya tambayar addinin wanda ya faɗi. Waɗanda suka kai hari majami'u su ne suka kashe fiye da mutum 100 a Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwambar 2014. Masallatai sun daɗe da 'yan agajinsu masu kaki, majami'u na da 'yan birget da masu tarbar jama'a da zumuntar mata. Babu abin da zai hana a haɗa su a horo ɗaya a Fagge, su san fuskokin juna, su yi musayar lambobin waya, a san wane direba ne zai ɗauki majinyaci da wane asibiti za a nufa. Mai shagon da ke kallon ƙofar coci kowace rana shi zai fara lura da motar da ba a saba gani ba, kuma shi ne zai fara isowa da bokitin ruwa idan hayaƙi ya tashi, ko da kuwa Juma'a ce ranar ibadarsa.