Laifin Koci Ne, Ko Laifin Waɗanda Suka Zaɓe Shi?

 

Duk lokacin da kulob ɗin ƙwallo ya yi ta shan kaye, magana ɗaya ce take fitowa a majalisun ataya, daga Nima har Aboabo: a kori koci a kawo wani. Ba a cika tsayawa a tambaya ba, shin adalci ne a auna mai jagora da abin da aka samu a ƙarshe kawai? Kuma su masu zaɓen, wane ne yake auna su? Idan muka yi wannan muhawara a kan Kotoko ko Hearts, kafin a je ko'ina an fara ɗaga murya. Saboda haka bari mu ɗauki tambayar mu kai ta wani gari mai nisa, da wani wasa dabam, wato ƙwallon kwando, inda babu wanda yake da kulob balle zuciyarsa ta rufe masa ido.

Garin shi ne Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka. Masu karanta tarihi sun san shi da abin da ya faru ranar 1 ga Fabrairu 1960, lokacin da wasu ɗalibai baƙar fata su huɗu suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth, inda aka hana irinsu zama, suka ƙi tashi. A wannan gari ne wani kulob mai suna Carolina Cougars ya kafa hedkwatarsa a 1969, yana buga gasar ABA wadda take kishiyar NBA a wancan zamani. Shekara uku na farko babu abin a zo a gani. A kakar wasa ta 1970 zuwa 1971 sun ci wasa 34 an cinye su 50. Aka kawo Tom Meschery, tsohon ɗan wasan NBA mai suna, shi ma ya tashi da nasara 35 da kaye 49, ya tafi bayan kaka ɗaya. Koci uku ke nan cikin shekara uku.

A 1972 manajan kulob ɗin, Carl Scheer, ya yi abin da mutane da yawa za su kira kasada. Ya ɗauko Larry Brown, mai shekara 31, wanda bai daɗe da ajiye wasa ba, kuma bai taɓa jagorantar kulob na ƙwararru ko sau ɗaya ba. Brown ya zo da salon da ya koya wurin malaminsa Dean Smith a Jami'ar Karolina ta Arewa: a matsa wa abokin gaba tun daga gidansa, a yawaita miƙa wa juna ƙwallo, a riƙa sauya 'yan wasa don kada gudu ya ragu. A kakar farko Cougars suka ci wasa 57 aka cinye su 27, babu kulob ɗin da ya kai su a gasar, aka kuma zaɓi Brown gwarzon koci na shekarar 1973.

To, a nan mai gaggawa zai rufe littafi ya ce magana ta ƙare, koci shi ne komai. Amma dakata, ya ɗan'uwa. A wannan shekara ta 1972 ne kotu ta tilasta wa Billy Cunningham, tauraron Philadelphia, ya cika kwantiragin da ya sa wa hannu da Cougars, ya zo ya buga musu, kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasar a 1973. Meschery kuwa, a tsakiyar kakarsa babban ɗan wasansa Jim McDaniels ya tsallake ya koma Seattle. Wato an rage wa wancan, an ƙara wa wannan, sannan aka ɗora su a sikeli ɗaya. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar ta ragu a kaka ta biyu: ciwon ƙoda ya kama Cunningham, wasa 32 kawai ya buga, nasarar kulob ta sauko zuwa 47, Kentucky kuma ta fitar da su a zagayen farko na neman kofi ba su ci ko wasa ɗaya ba. Brown bai mance da iliminsa cikin wata goma sha biyu ba. Yana nan yadda yake, abin da ke hannunsa ne ya canja.

Mutane suna son su rataya nasara da faɗuwa a wuyan mutum guda saboda hakan ya fi sauƙin faɗa da sauƙin aikatawa. Mai kulob ba zai kori 'yan wasa goma sha biyar rana ɗaya ba, kuma ba zai kori kansa ba. Saura koci. Wannan hali na jingina komai ga mutum ɗaya tsoho ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya sauke Khalid ɗan Walid, Allah Ya yarda da su, a shekara ta 17 bayan Hijira, ya sanar da garuruwa cewa bai yi haka don fushi ko zargin ha'inci ba, sai don ya ga mutane sun fara jingina nasara ga Khalid. Ba muna daidaita fagen fama da filin wasa ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin lura shi ne, wanda ya saba cewa mutum ɗaya ne ya kawo nasara, ranar da aka faɗi ma mutum ɗaya zai nema ya jefa, shi kuma ya wanke hannunsa.

Dubi abin da ya faru a Charlotte, babban birnin da ke kudu maso yamma da Greensboro, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Kulob ɗin NBA na can, wanda a lokacin ake kira Bobcats, ya koma hannun Michael Jordan a 2010. A kakar 2011 zuwa 2012 sun ci wasa 7 kacal an cinye su 59, suka rufe kakar da kaye 23 a jere. Aka ɗauko Mike Dunlap daga Jami'ar St. John's. Ya kai su nasara 21, wato ninki uku, amma a Afrilu 2013 aka sallame shi, ana cewa bai jitu da wasu manyan 'yan wasa ba, yana yi musu horon yaran jami'a. Wataƙila gaskiya ne. Sai dai waɗanda suka je jami'a suka ɗauko shi, me suke tsammanin zai zo da shi? Wanda ya gaje shi, Steve Clifford, ya ci wasa 43 a kakarsa ta farko, aka yi ta yabo, alhali a shekarar ne kulob ya buɗe aljihu ya kawo Al Jefferson. Labarin Brown da Cunningham ne ya sake dawowa da wasu sunaye.

Wani zai ce, ashe kenan a ɗauko kowa ma, tunda 'yan wasa ne ke yin aikin? A'a, wannan ma wuce gona da iri ne. Brown ya ci kofin jami'o'in Amurka da Kansas a 1988, ya ci kofin NBA da Detroit a 2004, kuma shi ne ya fara kai Bobcats zagayen neman kofi a 2010. Ba a yin irin wannan da sa'a kaɗai. Gwaninta gaskiya ce, kuma wajibi ne mai zaɓe ya neme ta. A ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki ne bisa siffa biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfin Brown ba abin musu ba ne, amma an san shi da rashin daɗewa a wuri, yau yana nan gobe ya naɗe tabarmarsa. A Yuni 2022 kuma Kenny Atkinson ya amince zai karɓi kulob ɗin Charlotte, wanda ya koma sunan Hornets, bayan kwanaki kaɗan ya janye, dole suka koma suka ɗauko Clifford ɗin da suka kora a 2018. Abin da ake yawan mantawa shi ne amanar nan hanya biyu take bi. Wanda ya ɗauki mutum aiki ya ɗauki nauyin ya faɗa masa abin da ake so, ya ba shi kayan aiki, ya ba shi lokaci, sannan ya auna shi da abin da aka yi alkawari a kai tun farko.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a Greensboro ɗin kanta. A 2016 Hornets suka kafa ƙaramin kulob a garin mai suna Greensboro Swarm, a gasar renon 'yan wasa ta NBA. Aikin kocin irin wannan kulob aiki ne mai ban tausayi. Idan yaro ya fara haskawa, sai waya ta zo daga Charlotte a ce a turo shi, ko wani kulob ya ɗauke shi. Kamar malamin makarantar allo ne da duk almajirin da ya kusa sauka sai a ɗauke shi, sannan a zo ranar musabaƙa a ce ina gwanayenka. Daga 2016 zuwa 2024 koci huɗu suka riƙe Swarm, wato Noel Gillespie, Joe Wolf, Jay Hernandez da Jordan Surenkamp, babu wanda ya kai su zagayen neman kofi. A kakar 2019 zuwa 2020 wasa 9 suka ci aka cinye su 34. Shin duk huɗun ba su iya ba ne? Ba za a iya amsawa ba sai an san abin da aka ɗauke su su yi. In cin wasa ne, sun gaza. In renon yara ne don amfanin babban gida, to allon maki ba shi ne sikelin ba, kuma zalunci ne a ba mutum aikin raino a kama shi da laifin rashin kofi.

A 2025 Swarm suka shiga zagayen neman kofi karo na farko, ƙarƙashin DJ Bakker wanda aka naɗa a 2024. Amma kafin zuwansa gidan ya canja tun daga sama. Jordan ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a 2023, sababbin masu kulob suka naɗa Jeff Peterson shugaban harkokin wasa a Maris 2024, aka kawo Charles Lee daga Boston ya zama kocin Hornets. Lee kansa wasa 19 ya ci a kakarsa ta farko aka cinye shi 63, ƙasa da abin da aka kori Dunlap a kai, amma ba a kore shi a lokacin ba, domin 'yan wasansa sun sha jinya kuma kowa ya san gini aka fara.

Mu ma a gida mun ɗanɗana duka biyun. Tsakanin 2020 da 2024 Black Stars sun ga C.K. Akonnor, Milovan Rajevac, Otto Addo, Chris Hughton, sannan Otto Addo kuma, kofin Afirka dai rabonmu da shi tun 1982. Da aka kasa samun gurbin gasar Afirka ta 2025, ƙasa ta ɗauki ihun a kori koci. Hukuma ta bar shi a lokacin, a Oktoba 2025 kuma Mohammed Kudus, ɗan Nima, ya zura wa Komoros ƙwallon da aka rufe neman gurbin kofin duniya da ita cikin nasara. Waɗanda suka yi ihun kora da waɗanda suka yi ihun murna, mafi yawansu mutane ɗaya ne.

Kuma maganar ba ta tsaya a filin wasa ba. Ƙungiyoyinmu na matasa a zongo, idan taro ya yi sanyi, sai a ce shugaba ba ya ƙoƙari, a kira zaɓe. Mai wannan magana sau da yawa wata shida bai biya kuɗin wata ba, ranar aikin gayya kuma ba a ganin ƙeyarsa. Laifi tudu ne. A zaɓi sabo ranar Lahadi ba tare da an zauna an rubuta abin da ake so ya yi da abin da za a ba shi ba, bayan shekara a sake kiran zaɓe.

Su kuwa mutanen Greensboro na wancan zamani, da suka samu kocin da ya dace da ɗan wasan da ya dace, abin bai tsirar da kulob ɗinsu ba. A 1974, shekara ɗaya bayan kakar nan ta nasara 57, mai kulob ya sayar da Cougars, masu saye suka kwashe shi zuwa St. Louis suka canja masa suna. Brown da Scheer suka wuce Denver tare, inda a kakarsu ta farko suka ci wasa 65.