Guzurin Komawa

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Daga baya masana suka tabbatar da cewa ɓallinsa daga duniyar Mars ne. Ya zo mana kyauta, ba a biya ko sisin kwabo ba. To, me ya sa hukumar NASA ta Amurka ta tsara aikin ɗauko duwatsu daga can, aikin da aka ƙiyasta a 2023 zai iya cin dala biliyan 11?

Amsar ita ce asali. Dutsen Zagami baƙo ne marar isnadi: an san garinsu, ba a san unguwarsu ba. Amma na'urar Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero a 2021, ta san gurbin kowane ɗan dutse da ta zuba a bututu. Abin da ya rage shi ne dawo da su, kuma nan gizo yake saƙar. Rokar da aka zana domin ɗaga su daga can, tsawonta kimanin mita 3 ne. Dole a kai ta da makamashinta tun daga nan, kuma an zaɓi daskararren makamashi domin ya jure sanyin wurin. Ma'ana, tun kafin a tashi aka ɗaure guzurin komawa, kuma kowane kaya da aka ƙara sai ya rage wa wani wuri.

Wannan tunani ya ɗarsu a zuciyata ne a Agege, ina kallon ana ɗaure huhun goro da za a kai Arewa. Tun da dogo ya haɗa Ikko da Kano, fatake suka yi zango a nan. Da yawansu sun zo da niyyar kwana kaɗan, ga shi yau jikokinsu ne ke jan salla a masallatan unguwar. Shin sun yi laifi? Ko kusa. Arziki ba ya da gari, kuma ƙasar Allah mai faɗi ce.

Sai dai akwai komawar da ba ta buƙatar ƙafa. Uban da ya koya wa ɗansa harshe, ya gaya masa sunan kakansa da unguwar da ya baro, ya riga ya ɗaure masa guzuri. Wanda kuwa ya sauke wannan kaya don sauƙin tafiya, jikansa zai wayi gari tamkar dutsen Zagami: kowa ya san daga Arewa ya faɗo, amma ko shi kansa bai san daga wane gida ba.

Mu da muka bar gida neman ilimi, wannan tambaya ta hau kanmu tun kafin ta hau kan ɗan goro.